Ranar da Aka Rufe wa Kwastan Ido

Wajen ƙarfe tara na safe ne, ana ta yayyafi irin wanda ba ya jiƙa mutum nan take, sai ya yi 'yar tafiya ya ji rigarsa ta yi nauyi. Sufeto na zaune shi kaɗai a ɗakin ƙarshe na caji ofis, inda aka ajiye sashen laifukan intanet. Sashen kuwa daga shi sai fanka mai kuka. Tun da aka yi masa canjin wurin aiki ya baro iyalinsa can nesa, ba ya samun mai buɗe ƙofar nan sai in da matsala.

Oga ya leƙo, bai ko shigo ba.

"Wani kamfani ne aka kwashe musu bayanan marasa lafiya. Sun kawo wadda ta yi, tana can gaban kanta. Ka je ka leƙa wurin don cika ƙa'ida, gobe a kai ta kotu."

"Ta amsa laifin, yallaɓai?"

"Wa ka taɓa gani ya amsa tun ba a ba shi kujera ba?"

Aka shigo da ita. Matashiya ce, siririya, idonta ya yi ja amma babu hawaye. Abokan aikinta Injiniya suke ce mata. Kafin ya tambaye ta komai ta riga shi.

"Yallaɓai, mahaifina ba ya iya tashi da kansa, rabin jikinsa ya shanye. Ni kaɗai gare shi. In na kwana a nan, ban san wanda zai juya shi ba."

"Zauna tukuna. Faɗa mini aikinki, amma a hankali. Ni kwamfutar da na sani ba ta wuce ta buga rahoto ba."

Ta ce kamfaninsu manhaja yake yi wa ƙananan asibitoci, wadda marasa lafiya ke kama layin ganin likita da ita. Duk wanda ya rubuta sabon abu a cikinta sai ya tura, na'ura ta haɗa, ta gwada, ta ƙulle shi cikin ƙunshi guda, su suna ce masa kwantena, sannan ta aika inda jama'a ke amfani da shi. Duk wannan na'urar ke yi da kanta, mataki bayan mataki, kamar kaya a kan bel.

"To ke ina naki?"

"Mataki ɗaya na ƙara. Kafin kwantena ta fita, sai wata manhaja ta buɗe ta, ta duba ko akwai tsoffin kaya a ciki da aka san suna da ɓaraka, irin wadda ɓarayi ke bi. In ta samu, sai ta tsayar da ita. Shi ya sa yaran ofis suka sa mata suna Kwastan."

"Kuma aka ce ke kika kashe shi."

"Ba a kashe shi ba. An canja masa umarni ne, wai ya duba amma kada ya tsayar da kowa. Sunana ne a kan canjin, daga kwamfutata, lokacin hutun rana. Ni kuwa kullum hutun rana ina gida ina ba Baba abinci."

"Kina kulle kwamfutar in za ki fita?"

"Kullum."

Sufeto ya zuba mata ido. Ya bar fankar ta yi ta kukanta. Can Injiniya ta sunkuyar da kai.

"Ba kullum ba. In na makara, jaka kawai nake ɗauka."

Ya tura mata wayar tebur ta kira maƙwabciyarta, shi kuma ya ɗauki hularsa ya fita.

Kamfanin na hawa na biyu a saman wani shagon sayar da tayoyi. Dogon ɗaki ne, tebura jere, wayoyi sun bi ƙasa kamar jijiyoyi. A ƙarshensa akwai ɗan kicin da aka raba da gilashi. A bango kuwa an kafa wani ƙaton allo, sunayen ma'aikata a jere, gaban kowane suna da ɗigon launi.

Manaja ya tare shi da hannu biyu. Mutum ne mai saurin magana, yana yi yana duban agogo.

"Maganar a fili take, Sufeto. Kwastan ya nuna mata inda ɓarakar take, ta buɗe hanya, ɓarayi suka shiga. Yanzu ana kiran mutane a waya ana ce musu in ba su yi abin da aka ce ba za a gaya wa danginsu cutar da ke damunsu. Wata mata ta zo nan jiya ta zube a matattakala."

"Me zai sa ta girka abu da hannunta, ta dawo ta lalata?"

"Wannan sai ita."

"Akwai wanda Kwastan ɗin ya takura wa?"

"Ko ɗaya. Kowa ya yi murna da shi."

Wani saurayi a teburin kusa ya yi tari irin na ganganci. Manaja ya harare shi. Rediyo suke ce masa, don bakinsa ba ya hutawa, ga waya kullum a hannu.

Suna tsaye sai ɗigon gaban wani suna ya koma ruwan ɗorawa, ya fara juyawa. Nan take ɗakin ya yi tsit, kowa ya bar abin da yake yi ya ɗaga kai. Mai sunan, wata yarinya mai tabarau, ta dafe ƙirji. A gabanta akwai wani jan kofi na tangaran, kunnensa a karye, babu komai a ciki.

"Me ake jira?" in ji Sufeto.

"Hukuncin Kwastan, yallaɓai," in ji Rediyo. "Duk wanda ya kama, ɗigonsa ya yi ja, sai a kai masa jan kofin nan, ya zauna masa a tebur kamar surukar da ta zo jinya. Ba mai taɓa shi sai mutum ya gyara aikinsa, ya sake turawa, allo ya nuna kore. Sannan ya tashi da kansa ya wanke, ya mayar kan kanta, mu kuma mu tafa masa."

"In ya ɗauke tun kafin koren fa?"

"Tab! Wa ya isa? Ba wanda ya san abin da Kwastan zai ce sai ya ce. Ko Injiniya da ta kawo shi ta sha kofin nan."

An daɗe ana jira, har Sufeto ya nemi kujera. Daga ƙarshe ɗigon ya koma kore. Aka ɗau tafi, yarinyar ta ɗauki kofin tana dariya ta nufi kicin. Sufeto ya lura mutum ɗaya ne bai ɗago ba.

Teburinsa na can kwana, bayan na'urar buga takardu, inda hasken taga ba ya kaiwa. Dattijo ne mai furfura, rigarsa a goge tsaf. Kawu suke ce masa. Shi ya rubuta tushen manhajar tun kamfanin yana ɗaki ɗaya, kuma rabin yaran nan a hannunsa suka koyi aiki.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu ɗana. Zauna, ko da yake kujerar tana rawa."

A gefen teburin akwai wani zagaye mai tsabta, ƙura ta kewaye shi, daidai gindin kofi. Sufeto ya shafa wurin da yatsa.

"Baƙon ya daɗe a nan."

"Ya ɗan kwana biyu."

"Aka ce ta cikin kwantenarka ɓarayin suka bi."

"Haka aka ce. Ni dai na yi ɗan gyara ranar, na tura, na fita cin abinci. Na dawo na tarar allo kore. Na ɗauka gyarana ne ya yi. Na wanke kofi, yara suka tafa. Ashe ido aka rufe masa."

"Ina ka ci abincin?"

"Nan ƙasa, wajen mai shayi."

"Da wa?"

Kawu ya yi ɗan murmushi. "Da wa kuwa? Yara suna tafiya tare, hirarsu daban. Ni ina da bencina."

Sufeto ya san irin bencin nan. Ya kau da kai ya dubi bangon teburin. Babu hoton kowa a jiki, sai kalandar bara.

"Kana ganin yarinyar za ta aikata?"

Dattijon ya cire tabarau ya hau gogewa da gefen riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Yarinyar kirki ce," ya ce.

Sufeto ya sauko ya tambayi mai shayi. Mutumin ya ce dattijon kullum yana zuwa, amma ya ce masa wace rana ya zo wace rana bai zo ba, gaskiya ba zai iya ba, don mutum ne da ko yana nan ba a jin motsinsa.

Ya koma sama ya samu yarinyar mai tabarau tana goge kofin. Ya tambaye ta yadda ake yi da mutum in kofi ya daɗe masa.

"Tsokana ce kawai, yallaɓai. Rediyo yakan ɗauki hoto ya saka a zaurenmu na waya. Na Kawu kam kullum sai ya saka, ya rubuta wai ango da amarya."

"Nuna mini."

Ta miƙa masa wayar. Ga su nan bi da bi: Kawu da kofi, Kawu da kofi an sa masa fure a ciki, Kawu da kofi an ɗaura masa ɗan kyalle. Ƙarƙashin kowane hoto fuskokin dariya sun yi layi. A na farkon Kawu ma dariya yake. A na baya-bayan kansa a ƙasa. Sufeto ya kai har ranar da allo ya yi kore. Ranar babu hoto ko ɗaya.

Ya kira Rediyo matattakala, ya ja ƙofa.

"Ranar da aka canja wa Kwastan umarni, ina kake da hutun rana?"

"Mun fita da yara, yallaɓai. Kowa ya gan ni."

"Mutumin da ya yi makonni yana ɗaukar kofi hoto, ranar da amarya ta koma kan kanta sai ya manta?"

"Caji ne ya ƙare mini."

"Kai? To bari in kira yaran ɗaya bayan ɗaya su faɗi wanda ya zauna kusa da kai. In babu, kai ne mutumin da ya rage a ofis da kwamfutar Injiniya a buɗe. Akwai wuri a motata."

Rediyo ya ja da baya. Ya jingina da bango.

"Wallahi ban taɓa mata kwamfuta ba. Na fita da su, sai na tuna na bar cajata, na dawo. Ina shiga na hango Kawu a kicin yana wankin kofi. Na ɗauke shi hoto don in saka a zaure, na juya na bi yara. Kafin mu dawo allo ya yi kore, aka tafa, na manta da shi. Da wannan masifa ta tashi aka ce a hutun rana aka yi, sai na ji tsoro kada a ce me na dawo yi."

"Ka duba hoton tun daga ranar?"

"Ko buɗe shi ban yi ba."

Sufeto ya karɓi wayar. Ga Kawu a bakin famfo, ya naɗe hannun riga, jan kofi cikin kumfa. Ta cikin gilashin kicin ana hango allon bango. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton. Ɗigon da ke gaban sunan Kawu ruwan ɗorawa ne.

Rediyo ya leƙo ta kafaɗarsa, ya kama baki.

Sufeto bai so a yi abin a gaban yara ba. Ya roƙi Manaja ya ba shi ofishinsa, ya aika a kira dattijon. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ka ce ka dawo daga cin abinci ka tarar allo kore, sannan ka wanke kofi."

"Haka na ce."

Ya ajiye wayar a gabansa. Kawu ya gyara tabarau ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"An gaya mini duk ofishin nan ba mai taɓa kofin nan sai ya ga kore, don ba wanda ya san abin da Kwastan zai ce. Kai ka wanke naka yana cikin dubawa. Me ya sa ba ka jira ba?"

Ana jin ruwa na ɗiga daga indararo.

"Na ƙagu in daina ganinsa ne," in ji Kawu a hankali. "Na san kore zai yi. Na ce bari in wanke kafin su dawo, kada in yi tafiyar nan daga tebur zuwa kicin kowa yana kallona."

"Kai ka zauna a kujerar Injiniya?"

"Ni ne."

"Kawu!" in ji Manaja. "Kai da nake cewa ko makullin gidana zan ba ka?"

Dattijon bai ko waiga ba. Da Sufeto yake magana.

"Tushen nan ni na gina shi, ɗana, lokacin waɗannan suna makaranta. Kwastan ya zo ya ce kayan ciki sun tsufa, duk huji ne. Gaskiyarsa. Amma in za a gyara sai an rushe an sake da sababbin kayan aiki, ni kuwa na karanta na karanta, kaina ya ƙi ɗauka. Wa zan tambaya? Yaron da na koya wa riƙe linzamin kwamfuta? Ita yarinyar har sau nawa ta zo ta ce, Kawu, kawo mu duba tare. Na ce mata na kusa gamawa."

"Sai kawai ka zaɓi ka buɗe ƙofa?"

"Sai wannan ya kira ni nan ɗakin, ya ce in wata ya ƙare kofin yana teburina, in tattara."

Sufeto ya dubi Manaja. "Ka ce mini ba wanda abin ya takura wa."

"Magana ce ta cikin gida," in ji Manaja, yana duban agogonsa.

"In na tattara in je ina?" in ji Kawu. "Mai ɗakina ta rasu. Ɗana yana wata ƙasa, sai wata ya zagayo ban ji muryarsa ba. In na shiga gida na rufe ƙofa, ba na sake buɗe baki sai na zo nan da safe an ce sannu Kawu. Ko tsokanar ma, ai da mutum ake yi. Na ce bari in rufe masa ido na ɗan lokaci, in samu in koya a ɓoye, in mayar ba wanda ya sani. Ban san masu jiran irin wannan ƙofar ba sa barci ba."

"Ka san ɓarayin?"

"Ban san kowa ba. Ku duba wayata, ba mai kira."

"Da aka tafi da Injiniya da safe, kana ina?"

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Ina teburina. Ta wuce ta gabana, ta ce, Kawu, ka yi mini addu'a. Na ce to."

Sufeto ya miƙe. Ya gaya masa ana tuhumarsa da shiga kwamfutar wani ba izini, da ɓoye gaskiya har aka kama wadda ba ta da laifi. Ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, sai ya bar ta a nan. Kawu ya koma teburinsa ya kashe kwamfuta, ya tura kujerar ciki yadda ya saba. Da suka ratsa dogon ɗakin ba wanda ya ɗaga kai, har Rediyo. Yarinyar mai tabarau ce kawai ta miƙe tsaye, sannan ta koma ta zauna.

A caji ofis Oga ya saurari bayani yana tsaye, ya ce to, ai dai an samu na kaiwa kotu, su kuma ɓarayin a ci gaba da bin sawunsu. Aka miƙo wa Injiniya jakarta da wayarta. Tana sa hannu aka shigo da Kawu. Ta dube shi, ta dubi Sufeto, ta gane.

"Da ka tambaye ni, Kawu," ta ce. "Yini ɗaya ne mu gama."

Ba ta jira amsarsa ba. Wayarta na kunne tun kafin ta kai ƙofa, tana tambaya ko an juya Baba, ko ya sha magani. Ta tsallaka titi da gudu ta tare mota.

Kofur ɗin da ke kan kanta ya karɓi agogon dattijon da tabaransa, ya tambaye shi wa za a kira ya kawo masa abinci, don a nan dangi ne ke kawowa.

"Bar shi kawai," in ji Kawu. "Ba na jin yunwa."

Aka shiga da shi.

Sufeto ya koma ɗakinsa ya buga rahoto da yatsu biyu, har la'asar ta yi sanyi. Ya kira gida, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kashe fanka, ya kulle ƙofa.

A bakin titi ya tsaya ya sayi burodi da shayi mai zafi a ɗan gora, ya dawo ya ajiye a kan kanta.

"Na dattijon nan ne. Ka haɗa masa da tabaransa, ba ya gani sosai."

"In ce daga wa, yallaɓai?"

"Ka ce an kawo."

Kofur ya ɗauka ya shige ciki. Sufeto ya ɗan tsaya, ya ji ƙarar ƙofar ƙarfe ta buɗe ta rufe. Ya gyara hularsa, ya kama hanyar ɗakin da yake haya.